Takardar Maganin Dabbobi: A Sauƙaƙa Mana Magana, Kada A Rage Mana Gaskiya

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu ƙarami wanda kowa ya raina, alhali kuwa asarar da yake jawowa ba ƙarama ba ce, wato 'yar takardar nan da ake naɗewa a cusa cikin kwalin maganin dabbobi, tare da rubutun da ke jikin kwalba da na jikin ƙunshin gari. Ra'ayin ƙungiyarmu a kan wannan al'amari guda ɗaya ne. Takardar magani ba ta cika daidai ba sai wanda ke riƙe da sirinji ya gane ta, kuma ya aikata abin da ta ce. In likita ya karanta ya yaba, amma makiyayi ya karanta ya kashe raƙuminsa, to wannan takarda ba ta yi aikinta ba, ko da kowace kalma a cikinta gaskiya ce.

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kowa ya san kasuwar Muwailih da ke yammacin Umdurman ita ce babbar matattarar shanu da raƙuma da tumaki daga Darfur da Kordofan da Farin Nil. A Soba, kudu da Hartum, akwai babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi inda ake haɗa alluran rigakafi. A Shambat ta Bahri akwai tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Hartum, wadda asalinta makaranta ce da aka buɗe tun 1938. Wato ƙasar nan ba ta taɓa rasa masana ba. Abin da ta daɗe tana rasawa shi ne gada tsakanin abin da masani ya sani da abin da ke isa rugga. Yaƙi kuwa ya ƙara nisan wannan tazara, domin likitoci da yawa sun watse, wasu sun bar ƙasar, makiyayi ya rage daga shi sai mai shagon magani, sai 'yar takardar nan. A watan Mayu 2025 sojoji suka ba da sanarwar cewa jihar Hartum ta koma hannunsu, jama'a suka fara komowa gidajensu. Duk lokacin da ake sake gina ofis da kasuwa, ana sake buga takardu. Shi ya sa muka ga gara mu faɗi tamu tun tawada ba ta bushe ba.

Bari mu fara da abin da ke hannun kowa. Maganin nan oksitetirasaikilin, wanda da yawa suka fi sani da sunan Terramycin, yana zuwa da ƙarfi iri-iri. Akwai mai kashi 5 cikin ɗari, akwai mai 10, akwai mai 20 wanda yake daɗewa a jiki. Ruwan duka kusan kala ɗaya ne, kwalaben ma sun yi kama. Amma si-si ɗaya na mai 20 daidai yake da si-si huɗu na mai 5. Takardar mai 20 za ta ce a ba da miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin dabba. Wannan magana gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta. To amma wa ya taɓa ganin miligiram a jikin sirinji? Sirinji si-si yake nunawa. In da an rubuta da manyan baƙaƙe cewa si-si ɗaya ga kowane kilo goma, rago mai kilo 40 si-si huɗu, saniya mai kilo 300 si-si talatin a raba wuri biyu ko uku cikin tsoka, da ba a rage komai daga ilmin ba, lissafin kawai aka yi wa mai karatu. Wasu kamfanoni suna yin haka, kuma mun yaba musu. Wasu kuwa sukan binne wannan layi a tsakiyar rubutu mai ƙanƙanta kamar ƙwan tururuwa, bayan dogon bayani a kan yadda maganin ke yaƙar ƙwayar cuta, bayanin da ba ya ƙara wa makiyayi komai a daren da saniyarsa ke numfashi da ƙyar.

Har ila yau akwai rikicin lambobi, wanda mu mutanen wannan ƙasa muka fi kowa shan wahalarsa. Mafi yawanmu a makarantar allo muka buɗe ido, lambobin Larabci muka saba da su, amma lambobin da ke jikin sirinji da kwalba na boko ne. Biyar ɗin Larabci zagaye ne kamar sifirin boko, sifirin Larabci kuwa ɗigo ne. Ga shi a boko ɗigo yana nufin gutsuren lamba. Ku ɗauki maganin tsutsa da ƙazuwa irin su Ivomec, wanda ake yi a ƙarƙashin fata si-si ɗaya ga kowane kilo hamsin. Tunkiya mai kilo 40 rabonta 0.8, wato bai ma kai si-si ɗaya ba. Wanda bai san aikin ɗigon nan ba, takwas zai gani, ya ninka mata maganin sau goma. Me zai hana a zana hoton sirinji a nuna layin da ruwan zai tsaya? Kuma me zai hana a faɗa sau ɗaya cewa si-si da mililita abu guda ne, tun da wata takarda tana amfani da wannan, wata da wancan?

Sai mu zo kan wanda ya fi haɗari. Maganin sammore da aka fi sani da Berenil, wanda sinadarinsa diminazin ne kuma ana sayar da shi da sunaye da yawa, ƙaramin ƙunshinsa giram 2.36 ne. Ana narka shi a ruwa mai tsabta si-si goma sha biyu da rabi, ya zama si-si goma sha biyar, kuma wannan rabon saniya ce mai kilo 300. Akwai kuma babban ƙunshi wanda ya ninka ƙaramin sau goma. Ga shanu wannan magani ne mai amfani. Ga raƙumi kuwa guba ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana iya kashewa. Likitoci sun daɗe da sanin haka. To raƙumi ma yana da nasa sammoren, wanda Larabawan ƙasar nan ke kira guffar, kuma maganinsa daban ne, irin su Cymelarsan. Mutum ya ga maganin ya tashi saniyarsa, raƙuminsa ya rame, me zai hana shi gwadawa? Abin da zai hana shi layi ɗaya ne, ko hoton raƙumi da jan gicciye a kansa, a gaban ƙunshin, inda ido zai fara sauka. A ƙasar da take cikin waɗanda suka fi kowa yawan raƙuma a duniya, wannan gargaɗi bai kamata ya zama abin da sai an nema ba. Haka nan ƙwayar albendazol ta tsutsar ciki da ta hanta. Ba a ba da ita a farkon ciki, wato wata ɗaya da rabi na farko ga saniya, wata ɗaya ga tunkiya, domin tana iya ɓata ɗan. A takarda akan rubuta wannan da kalmar asibiti wadda ko ɗan sakandare sai ya buɗe ƙamus.

To jama'a, kada wani ya ɗauka cewa sauƙi kawai muke nema ko ta halin ƙaƙa. Akwai wani irin sauƙi wanda ya fi wahalar muni, kuma shi ma mun ƙi shi. Shi ne irin na wasu masu shago da wasu takardun wayar da kai, waɗanda ke cewa babbar saniya ƙunshi ɗaya, ƙarama rabi, shi ke nan. Wace ce babba? Saniyar Kenana ko ta Butana mai cin dusa a zariba a Hillat Kuku, da saniyar Baggara wadda ta taka daga Nyala, da jar saniyar Mbororo mai dogon ƙaho, duk ana ce musu manya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kuma saniya ɗaya ma nauyinta na kaka daban da na ƙarshen rani. In maganin ya yi yawa ya cutar da dabba. In ya yi kaɗan kuwa ba ya kashe ƙwayar cutar, sai dai ya koya mata juriya, gobe ko an cika mudu ba za ta ji ba. Wannan ita ce bijirewar ƙwayoyin cuta da likitocin duniya ke kuka da ita, kuma a wurare da yawa na Afirka an riga an ga sammoren da ba ya jin maganin da aka saba. Wanda ya cire lamba daga takarda don wai makiyayi ba zai gane ba, ya raina mu. Mutumin da ke riƙe da lissafin shanu ɗari a ka, ya san uwar kowace da kakarta, ya san ranar da aka yi mata barbara, lissafin kilo goma-goma ba zai gagare shi ba. Abin da ya rasa shi ne ma'auni, kuma akwai shi da arha, wato tef ɗin nan da ake zagaya ƙirjin dabba a bayan ƙafafun gaba, ya nuna kimanin nauyinta. A sa shi a shagunan magani yadda ake sa sirinji.

Wani abin da ake yawan jefarwa da sunan sauƙi shi ne kwanakin jira. Kowane magani yana da adadin kwanakin da zai ɗauka kafin ya fita daga nama da madara. Sunan da masana suka ba shi in an fassara kai tsaye sai ya fito lokacin janyewa, wanda ba ya nufin komai a kunnenmu. A ce mana kawai: kada a yanka sai bayan kwana kaza, kada a sha madarar ko a sayar sai bayan kwana kaza. Adadin yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, na wasu ya haura wata guda, wasu kuma irin su maganin ƙarƙashin fata da muka ambata ba a yin su sam ga saniyar da ake tatsa don mutane. Wannan layi ba na makiyayi kaɗai ba ne. Ratal ɗin madarar da aka tatsa da asuba, kafin hantsi yana cikin shayin yaran wani a Umdurman. Hakkin wannan yaro yana wuyan mai tatsa, yana kuma wuyan wanda ya rubuta takardar da ba a gane ba.

Sunayen cututtuka su ma wani babi ne. Ciwon da Bahaushe ke ce wa boru, maƙwabcinsa Balarabe abu lisan yake ce masa. Ciwon huhun shanu abu ginit ne, harbin daji kuwa abu zagala. Takarda kuma za ta zo da sunan Turanci, ko da Larabcin littafi wanda ko Balaraben daji ba shi yake faɗa ba. Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne annobar da ta auka wa jihohin Farin Nil da Sinnar da Jazira a ƙarshen 2007, wadda ta kashe mutane fiye da 200. Sunanta na hukuma ma'anarsa zazzaɓin tsagaggen kwari, saboda a wani kwari na ƙasar Kenya aka fara gano ta wajen 1930. Wannan suna labarin ƙasa ne, ba ya gaya wa mai tumaki abin da zai duba. Abin da yake bukatar ji shi ne: in an yi ruwa mai yawa sauro ya yi yawa, ka ga tumaki suna ɓari da yawa a lokaci guda, 'yan raguna suna mutuwa, to kada ka taɓa ɓarin da mahaifar da hannu tsirara, kada ka yanka maras lafiya, ka tafasa madara, ka kai rahoto. Cutar ta sake ɓullowa a 2019, har Saudiyya ta dakatar da sayen dabbobin Sudan, asarar ta taɓa kowa tun daga mai kiwo har zuwa masu lodin jirgi a Sawakin. Saboda haka a rubuta sunan likita, a rubuta sunan da muka sani, a ƙara da alamomi.

A nan dole mu yi wa likitoci adalci, domin suna da hujja. Suna cewa sunayenmu sun yi faɗi. Abin da muke kira sammore wani lokaci cutar tsando ce ta gaske, wani lokaci tsutsar hanta ce, wani lokaci yunwa ce kawai, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a goge sunansu a sa namu ba, cewa muka yi a jera su. Suna kuma tsoron cewa in aka sauƙaƙa takarda, kowa zai zama likitan kansa. Amsarmu ita ce wannan ya riga ya faru tun da daɗewa. Makiyayin da ke tafiyar kwana uku daga likita mafi kusa ba zai zuba ido saniyarsa ta mutu ba. Allurar nan zai yi ta, ko ya gane takardar ko bai gane ba. Zaɓin da ya rage shi ne ya yi ta da sani ko ya yi ta da ka. Kuma takarda mai kyau ita ce za ta gaya masa iyakarsa: in kwana kaza ya wuce babu sauƙi, ko in dabbobi da yawa suka kamu tare, ko in dabba ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe, a nemi hukuma, domin yana iya zama ciwon saifa wanda ke kama mutum.

Wanda ke shakkar cewa za a iya haɗa sauƙi da gaskiya, ya tuna da bushiya. Annobar nan ta shigo ta Masawa a 1887, cikin 'yan shekaru ta share shanu tun daga Habasha har ƙasar Hausa, ta sake tashi a shekarun 1980. A kudancin Sudan na wancan lokaci, daga 1993, aka samu rigakafin da ke jure zafi har wata guda ba tare da firji ba, aka kuma koya wa makiyaya 'yan gari, da yawansu ba su yi boko ba, yadda za su narka shi, nawa za su yi, da yadda za su huda kunnen wadda aka yi wa. Ba a rage musu adadi ba, ba a ce su yi yadda suka ga dama ba. An dai faɗa musu da harshensu, an nuna musu da hannu. A 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar bayan agana. Yanzu duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take fatan kawar da annobar awaki da tumaki, bisa shirin da aka amince da shi a Abijan a 2015. In ana so a ci wannan nasara, hanyar ita ce dai waccan.

Saboda haka ƙungiyarmu tana kira ga Majalisar Magunguna da Guba ta Ƙasa, wadda dokar 2009 ta ba ikon rajistar magungunan mutane da na dabbobi, da ma'aikatar albarkatun dabbobi, da 'yan kasuwa masu shigo da magani, da ƙungiyoyin agaji masu raba shi. Na farko, a mai da takarda fuska biyu. Fuskar baya ta likita ce, a cika ta da duk ilmin da ake so, kada a cire ko wasali. Fuskar gaba ta mai dabba ce, ta amsa tambaya biyar da manyan baƙaƙe da hoto: wace dabba ake yi wa, wace ce ba a yi wa, si-si nawa ga kilo nawa, a ina ake sokawa, kwana nawa za a jira kafin yanka da tatsa. Na biyu, a sa lambobin Larabci da na boko gefe da gefe, har da ranar lalacewar magani. Na uku, maganar ajiya a yi ta yadda za ta yiwu. Cewa a ajiye ƙasa da digiri 30 a garin da zafin Mayu ke haura 40 bai isa ba, a ce a sa a inuwa kusa da randa, kada a bari a mota ko ƙarƙashin kwano. Rigakafin da aka narka kuwa a faɗa cewa sa'o'i kaɗan gare shi, ba a kwana da shi. Na huɗu, a tuna da mu masu Hausa da Fulatanci, waɗanda kakanninmu suka zo ta hanyar hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, muka zauna daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Damazin da unguwannin babban birni. A fassara mana, kuma a rubuta da ajami, domin shi ne rubutun da dattawanmu ke karantawa, a kuma naɗi muryar a tura ta waya don mata masu kula da awaki da madara. Na biyar, wanda ya fi duka, kada a buga takarda sai an gwada ta. A kai ta zariba, a miƙa wa makiyaya goma tare da sirinji da kwalbar ruwa, a ce su ja rabon wannan rago. In bakwai suka ja daidai uku suka kuskure, a koma a gyara rubutun. Mu a shirye muke mu kawo mutanen, mu kuma zauna da likitoci a tace kalmomin, su riƙe gaskiyar lamba, mu riƙe gaskiyar harshe.

Daga ƙarshe, 'yan uwa makiyaya, kafin a amsa wannan kira ga namu aikin. Kada a jefar da kwali da takarda, a ajiye su tare da kwalba. Kada a sayi maganin da aka juye a wata kwalba babu suna. A tambayi mai shago ƙarfin maganin, mai 5 ne ko mai 20, a sa shi ya karanta kwanakin jira da babbar murya. Kada a raba rabon saniya ɗaya ga biyu don tsimi, domin araha ba ta ado. Hausawa sun ce tambaya rabin ilmi, kuma matambayi ba ya ɓata. Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar nan, ya mayar da kowa gidansa, ya albarkaci garkunanmu, ya raba mu da asara.